Ɗana ya fara yi mini ƙarya, dukan kuma ya daina amfani

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 44, matata ɗaya, 'ya'yanmu huɗu. Babban ɗana shekararsa 13, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Zangon da ya wuce ya zo na 27 a ajinsu, sai ya kankare biyun, ya kawo mini takarda wai na 7 ya zo. Har kyauta na yi masa. Sai da na je biyan kuɗin makaranta asiri ya tonu, na kuma gano mahaifiyarsa ta sani ta yi shiru. A ranar na zane shi da wayar caja har jikinsa ya fashe. Tun daga nan, da ya ji ƙarar mashin ɗina sai ya shige ɗaki. In na tambaye shi abu sai ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Rannan kuma na ji ƙanwarsa 'yar shekara 5 tana daka wa 'yar tsanarta tsawa tana cewa "yau sai na karya ki", da irin muryata sak. Jikina ya yi sanyi.

Abin da ke ɗaure mini kai, a kasuwa an san ni da haƙuri. Yara 6 ne a ƙarƙashina, ban taɓa ɗaga wa ko ɗaya hannu ba. Akwai wanda ya taɓa ba da kaya bashi ba da sanina ba, kuɗin suka maƙale, ya zo da kansa ya faɗa mini, muka zauna muka warware. Yau na buɗe masa nasa shagon. Amma da na shigo gida sai in koma wani mutum daban. Matata ta ce tsorona ne ya jefa yaron cikin ƙarya. Hajiyata ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma haka mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi mana, ga shi mun zama mutane. Ni ban wuce firamare ba, ba na so ɗana ya tashi kamar ni. Wasu abokaina sun ce in kai shi makarantar kwana, wani ma ya ce ya san gidan da ake gyara kangararrun yara. In na daina duka ina tsoron ya raina ni, in na ci gaba ina tsoron in rasa shi. Ina mafita?

Wani uba, daga Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Mugun uba ba ya jin muryarsa a bakin 'yarsa jikinsa ya yi sanyi, balle ya zauna ya rubuta wasiƙa irin wannan. Don haka ka kwantar da hankalinka, akwai gyara. Sai dai ba zan rufe ka ba: dukan da aka yi da waya har fata ta fashe ya fita daga tarbiyya, ya shiga cutarwa. Kafin komai, ka duba bayan yaron da idonka ko ka sa mahaifiyarsa ta duba. In akwai wurin da bai warke ba, a kai shi asibiti.

Yanzu ka ɗan tsaya a matsayin yaron, ranar da aka miƙa masa takardar nan. Yana tafe gida yana lissafi. In ya nuna 27, duka tabbas ne, kuma yau. In ya kankare biyun, wataƙila a kama shi, wataƙila ba za a kama shi ba, kuma ko za a kama shi sai wani lokaci can. Ɗan shekara 13 ba ya hangen can. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna ƙarshen abu kafin a aikata shi, ba ya gama nuna sai mutum ya kusa shekara 25. Abin da ya yi laifi ne, laifi babba ma, ba na wanke shi. Amma maganar maiɗakinka tana da gaskiya a ciki, kuma ba ita ta fara faɗa ba. Ibn Khaldun, malamin tarihin nan haifaffen Tunis da ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, ya ce yaron da aka rena da ƙuntatawa yakan koyi ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da zai sauka a kansa. A 2011 wasu masana biyu daga Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada abin a makarantu biyu a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka ɗaya ba a yi. An bar yara 'yan shekara 3 zuwa 4 da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu sun leƙa, a makarantun biyu. Da aka tambaye su, a makarantar da ake duka kusan duk waɗanda suka leƙa sun musanta, a ɗayar kuwa waɗanda suka musanta da kaɗan suka ɗara rabi. Abin da ya fi ba da tsoro, 'yan makarantar duka sun fi iya riƙe ƙaryar in aka bi su da tambayoyi. Bulalar ba ta hana su leƙe ba, gwanintar ɓoyewa ta ƙara musu.

Amsar tambayarka kuwa tana cikin wasiƙarka, a shagonka. Yaron da ya ba da kaya bashi, me ya kawo shi gabanka da ƙafarsa? Ya san za ka ɓata rai, ya san zai sha faɗa, amma ya san kuma ba za ka wulaƙanta shi ba, ya san bayan faɗan za a zauna a nemi mafita. Shin ya raina ka bayan haka? Na tabbata yau in ka shiga shagonsa tsaye yake miƙewa. Ke nan ka san yadda ake riƙe mutane ba tare da bulala ba, shekara da shekaru kana yi. Ka san yadda ake koya wa sabon yaro auna yadi, a bar shi ya yi kuskure a ƙaramin ciniki kafin a damƙa masa babba, a yi masa gyara bayan kwastoma ya tafi ba a gabansa ba. Wannan shi ne shugabanci, kuma gida ya fi shago buƙatarsa. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, har ya ambaci magidanci da iyalinsa. A Suratu Ali Imrana aya ta 159 Allah ya gaya wa fiyayyen shugabanni cewa da ya kasance mai kaushi, mai kaurin zuciya, da mutane sun watse daga gefensa, sannan ya umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya yi shawara da su. Ka lura, a kan abin da ya faru a Uhudu ayar ta zo, bayan maharba sun bar dutsen da aka ce kada su bari, aka yi asarar rayuka. Ko a bayan kuskure irin wannan, umarnin da ya zo ke nan.

To me ya sa haƙurin yake ƙarewa a ƙofar gida? Dalili na farko ba shi da daɗin ji. A kasuwa akwai idon maƙwabta, akwai kwastoma, kuma yaron shago in ya gaji zai iya tattara nasa ya nasa ya koma wajen wani maigida. Ɗanka ba shi da inda za shi. Dukkan gajiyar yini, da bashin da ba a biya ba, da cunkoson hanya, da maganar da ka haɗiye a gaban mai sayen kaya, sai su sauka a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Magidanta da yawa haka muke, ba kai kaɗai ba. Dalili na biyu shi ne jimlar da ka rubuta kamar a wuce: "ban wuce firamare ba, ba na so ɗana ya tashi kamar ni." Ina jin a ranar nan ba ƙaryar kaɗai ka daka ba. Ka ga 27, sai tsohon mikinka ya tashi, ga kunyar da ka sha a ofishin makaranta, ga kuɗin da kake zubawa. Yaron ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Bari in ƙara da wannan a gefe: mutumin da yake ciyar da gida, yake riƙe da yara 6, har ya tsayar da wani da ƙafarsa, ban ga abin gudu ba in ɗansa ya tashi kamar shi. Ka so masa ilimin da ba ka samu ba, wannan daidai ne. Amma ka daina kallon kanka a matsayin abin da ake tsoratar da yaro da shi.

Saboda haka aikin farko a kanka yake, kuma ba wa'azi za ka yi wa kanka ba, tsari za ka sa. Ka kafa wa kanka doka cewa ba a shari'a a gidanka sai ka yi wanka, ka ci abinci, ka yi isha'i. Laifin da ya yi girma kuwa ya kwana, da safe a yi maganarsa. Babu laifin yaro da zai lalace don an jinkirta hukuncinsa zuwa gobe, hukuncin da aka yanke cikin fushi ne yake lalacewa. In ka ji zuciya ta taso, ka bi abin da Annabi (SAW) ya koyar: ka nemi tsari daga Shaiɗan, in kana tsaye ka zauna, in bai wuce ba ka kishingiɗa. In duk bai yi ba, ka sa takalminka ka fita ƙofar gida. Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Sannan na mako biyu, duk daren da ka yi tsawa, ka tambayi kanka kafin ka kwanta: me ya faru a kasuwa yau, na ci abinci, wa ya ɓata mini rai kafin in shigo? Za ka sha mamakin yadda ranakun tsawar suke bin ranakun da ciniki ya yi tsami, ba ranakun da yara suka fi ɓarna ba.

Sai maganarka da shi, wadda na san ita ce mafi nauyi. Ɗan fari ne, mu kuwa muna da kunyar ɗan fari. Wasu ko sunansa ba sa kira, ba a wasa da shi, ba a yaba masa a gaban mutane. Al'ada ce mai kyawun nufi, amma a gidan da ya zama daga miji sai mata sai 'ya'ya, takan bar yaro da abu ɗaya tak daga ubansa, wato faɗa. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Ba na ce ka sauya halinka dare ɗaya ba. Ka ɗauke shi a mashin ranar Asabar, ku biyu kawai, ka saya masa abin da za ku ci, ku zauna gefe da gefe, domin yaro ya fi iya saurare in ba a tsare shi da ido ba. Ka ce masa: "Abin da ka yi da takardar nan laifi ne, kuma ya ɓata mini rai. Amma dukan da na yi maka ya wuce kima, ban kyauta ba, kuma ba zan sake dukanka haka ba. Daga yau duk abin da ya faru, in ka faɗa mini gaskiya da bakinka, hukuncinka zai yi sauƙi." Ka tsaya a nan. Kada ka bi shi da "amma kai ma", kada ka jira ya ba ka amsa. Mai yiwuwa ya yi shiru, mai yiwuwa ya fashe da kuka. Bai yarda ba tukuna, zai zuba ido ya ga ko da gaske kake.

Game da tsoron raini, ajiye bulala ba sakin linzami ba ne. Tun a shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta rarrabe iyaye gida uku: masu tsanani ba tausasawa, masu tausasawa ba doka, da masu haɗa doka tsayayya da kusanci da bayani. 'Ya'yan kashi na ukun ne suka fi natsuwa da iya riƙe kansu. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara bincike 75 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace. Na san wani zai kawo maka hadisin umartar yaro da salla yana ɗan shekara bakwai da dukansa a kanta in ya kai goma. Ka duba shekara uku cur na koyarwa da aka gabatar, ka kuma duba sharuɗɗan da malamai suka gindaya: ba mai raunatawa ba, ba a fuska ba, ba don huce haushi ba. Wayar caja ba ta shiga ko ɗaya. Shi kansa wanda ya faɗi hadisin, Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba, Nana A'isha kuma ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Abin da zai maye gurbin dukan shi ne dokoki kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda kowa ya san su kuma ya san sakamakon karya su tun kafin a karya: salla, lokacin dawowa gida, lokacin karatu, faɗin gaskiya. Hukuncin ya zama mai alaƙa da laifin kuma mai iyaka. Wanda ya ƙi yin aikin makaranta ba shi zuwa gidan kallon ƙwallo ranar, wanda ya fasa abu da gangan a cire daga kuɗin tararsa har ya biya. Ka faɗa sau ɗaya da murya ƙasa, ka kuma cika. Yaro yana raina wanda yake barazanar da ba ya cikawa, ko wanda hukuncinsa ya danganta da yadda ya tashi daga barci. A kan takardar nan kuwa ya riga ya sha fiye da abin da ya cancanta, kada a sake hukunta shi. Abin da ya rage kawai ku je tare wajen malamin ajinsu, yaron ya ba malamin haƙuri a keɓe, ba a gaban 'yan aji ba.

Zuwan nan makaranta yana da wani amfani, domin a duk wasiƙarka ba ka faɗi dalilin da ya sa ya zo na 27 ba, ina kuma zaton babu wanda ya tambaya. Da can na nawa yake zuwa? A wane darasi ya faɗi? A ina yake zama a aji, yana ganin allo sosai? Yara da yawa ana yi musu kallon daƙiƙai alhali tabarau kawai suke buƙata, gwajin ido kuwa ba shi da tsada. Akwai mai cin zalinsa? Yana samun barci, ko waya ce a ƙarƙashin matashi? Ka sa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa ko wani ɗan'uwanku da ya yi karatu, don a ji ko karatun kansa ne yake ba shi wuya. In an gano inda ramin yake, lesin na darasi ɗaya ya fi wa'azi ɗari. Kuma ka sauya ma'auni: maimakon "na nawa ka zo", ka riƙa tambayar makin lissafi na wannan zangon da na wancan. A Asabar kuma ka riƙa zuwa da shi shago na 'yan sa'o'i, ka ba shi lissafin ciniki, ya ga ubansa a inda ake girmama shi.

Maiɗakinka ta yi kuskure da ta rufe maganar, amma kada ka ɗauke ta abokiyar gaba. An sa ta zaɓi tsakanin ɓoye wa mijinta da ganin an farfasa jikin ɗanta, ta zaɓi wanda take ganin ya fi sauƙi. Ku zauna bayan yara sun yi barci, ka yi mata alkawarin ba za ka ɗaga hannu ba, ita kuma ta yi maka alkawarin ba za ta sake ɓoye maka komai ba. Ku tsara dokokin nan tare, don ta fi ka sanin abin da ke gudana a gidan da rana. Ka ba ta dama, in ta ga ka fara hawa, ta ce "Alhaji, ga ruwa," ka san abin da take nufi, kuma kada ka yi fushi da ita a kan hakan.

Hajiya kuwa ba a musu da ita, kuma ba sai ka je ka shelanta mata cewa ka sauya tsari ba. In ta ce haka mahaifinku ya yi, tana kare mutuncin mijinta ne da wahalar da suka sha a kanku, ka ce mata gaskiya ne, Allah ya saka musu. Amma wata rana cikin hira ka tambaye ta, in Baba ya dake ku, ɗakin wa kuke gudu? Wa yake shafa muku magani ya ba ku ɗumame? A babban gida na da, yaron da uba ya daka yana da kaka, da gwaggo, da baffa, da matan gida masu rarrashi, sannan kusan duk yinin yana tare da uban a gona ko a rumfa. Ɗanka ba shi da wannan, sa'a biyu yake ganinka da dare. Ka roƙe ta ta riƙa jan jikanta a jiki tana sa masa albarka, wannan aikin babu wanda ya kai kaka iya shi.

Makarantar kwana ba laifi ba ce, amma ba yanzu ba. In ka kai shi a wannan hali, abin da zai fahimta shi ne an kore shi, kuma zai tafi da ƙaryar da tsoron can inda ba ka gani. In al'amura sun daidaita, lokacin shiga babbar sakandare, ku yi shawara da shi. In kuna buƙatar ɗan sarari, hutun mako biyu wajen kawunsa da yake so ya isa. Gidan gyaran kangararru kuwa, ina roƙonka da Allah kada ka kusance shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, yara da manya, daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabo, bayan 'yan makonni kuma aka bankaɗo wani a Daura. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Ɗanka ma ba kangararre ba ne, yaro ne da ya tsorata ya kankare lamba ɗaya.

Ƙanwarsa mai 'yar tsana ba ta buƙatar wani zama na musamman. Abin da take ji shi take maimaitawa, in muryar gidan ta sauka tata ma za ta sauka. Kai kuma ka sa a ranka za ka zame, wata rana tsawar za ta kuɓuce. In hakan ta faru ka koma ka gyara a ranar, kada ka ce tunda na karya shi ke nan. Shi ma zai iya sake yin ƙarya, ƙarama, don ya gwada alkawarinka, kuma ranar da ya fara kawo maka wata gaskiya mai ɗaci ka danne zuciyarka ka ce masa ka ji daɗi da ya faɗa, kafin ka shiga maganar laifin. In ka ga bayan wata biyu ko uku hannunka yana rigan tunaninka, ko yaron ya fara fitsarin kwance, ya daina cin abinci, ko yana maganar guduwa ko mutuwa, kada ku tsaya jira. Ku ga likita, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ka sake rubuto mini bayan kun je makarantar, ina so in ji abin da malamin ajinsu ya ce da abin da gwajin idon ya nuna.